Famfo a Wutsiyar Mai Fito

Duk layin an san mijin Auta da gyaran famfo, amma shi bai taɓa yarda a kira shi mai gyaran famfo ba. Injiniya yake kiran kansa, kuma ya daɗe yana kira har mutane suka gaji suka bi shi. Hannunsa na da kyau a aiki, wannan ba a musu. In tanki ya tsage ko bututu ya fashe a cikin bango, shi ake nema. Matsalarsa guda ce: a ganinsa komai na duniya bututu ne, in ba bututu ba ne to tanki ne. Ciwon kai toshewa ce. Rigimar maƙwabta yoyo ce. Ranar da likita ya ce Auta na da ciki, sai da ya tambaya ko akwai inda ake duba matsin ruwan yaron.

Yana da wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, mai turbo. Turbo ɗin wata 'yar farfela ce da hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa wa injin iska don ya ƙara ƙarfi. In farfelar ta ɗauki gudu sai ta saki wani siririn fito kamar na tsuntsu, shi ya sa 'yan layi suka sa wa motar suna Mai Fito. Sai dai kwana biyu fiton ya dishe. Mota ta koma nishi, a taka mata totur ta yi kamar ba da ita ake ba.

Baba ne ya fara kawo maganar. Mahaifin Auta ne, direban bas da ya tsufa a kan sitiyari kafin ya ajiye aiki, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ya zo duba 'yarsa, ya tarar da surukinsa ya buɗe bonet yana yi wa injin faɗa.

"Injiniya, asibitin da yarinyar nan za ta haihu a kan tudu yake."

"Haka ne, Baba."

"Jiya na ga motar nan a kan tudun, mai tura baro na bayanta yana roƙon ta ba shi hanya."

"Lallaɓa ta nake yi, Baba. Irin wannan injin ba ya son gaggawa da safe."

"Da yamma ne," in ji Baba. Ya gyara zaman hularsa. "Ranar Asabar zan dawo, ni zan tuƙa. In ta hau tudun nan ba tsayawa, ku riƙe abarku. In ta tsaya, a sayar da ita a kawo mai ƙofa huɗu, wadda za a sa jariri a baya ba sai an naɗe shi kamar tabarma ba."

Auta na bakin ƙofar kicin da kofin shayi a hannu, ta ajiye shi ba ta ko kurɓa ba. Kowa ya ɗauka ita ce ta fi matsuwa a rabu da motar, har mijin nata. Ba wanda ya san cewa lokacin da yake nemanta, tun motar ba ta shigo layin gidansu ba take jin fiton nan daga kwana, ta ajiye duk abin da ke hannunta ta je bayan labulen taga. Ba ta taɓa gaya masa ba, don ta san in ta faɗa da safe, kafin azahar Inna mai shago ta ji, kafin la'asar ya ce shi ya ƙera fiton da hannunsa.

Baba na fita, Injiniya ya aika a kira masa Dogo bakanike. Tare suka tashi tun suna yara, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da launin sama ne. Dogo ya zo yana jan silifa, ya tarar da shi tsaye a tsakar gida riƙe da tiyon ban-ruwa.

"Na gano ciwon motar nan," in ji Injiniya. "Duba da kyau, don ba a koyar da wannan a gareji. Ka ga ruwan nan yadda yake zuba kamar mara lafiya? To yanzu duba."

Ya danna babban yatsa a bakin tiyon. Ruwa ya harba, ya tsallake katanga, ya sauka a kan shanyar Inna mai shago.

"Wane ne wannan?" muryar Inna ta taso daga bayan katanga.

"Bincike ne, Inna."

"To a yi binciken a kan zanin matarka."

Injiniya bai ko waiwaya ba. "Me ya ƙara masa ƙarfi, Dogo? Matsi. Bakin salansar Mai Fito, inda hayaƙi ke fita, ya yi faɗi, ƙarfin injin duk ta nan yake tsiyayewa. A matse bakin, ƙarfi ya dawo. Shi ke nan."

Dogo ya yi dariya har sai da ya dafa bango. "A tiyo, ruwan kake so ya yi nisa. A mota kuma fa? Gasar tofa hayaƙi za ku yi da Baba? Kai, farfelar turbo ba ta juyawa sai hayaƙi ya buge ta ta gaba ya samu hanyar ficewa ta baya. In ka cushe bayan, hayaƙi ya tsaya cirko-cirko, farfela ta yi lakwas, injin ya koma shaƙar abin da ya fitar, zafi ya taru. Salansarka ma tsatsa ce ta riga ta toshe ta, shi ya sa motar ke nishi. Buɗewa take so. Amma ina za ka gane, kai da ka ƙare a gyaran bayan gida."

Auta ta rufe ido. Da Dogo ya tsaya kafin jimlar ƙarshe, da an wuce wurin.

"Bayan gidan da na gyara har da naka," in ji Injiniya, "kuma har yau bai dawo gareji ba, ba kamar motocin da kake gyarawa ba."

"Ni dai," Auta ta sa baki a hankali, "in ina so bokiti ya cika da wuri, cire yatsan nake yi."

"Bokiti daban, injiniyanci daban, ranki ya daɗe."

Washegari ya ɗauko guntun bututun ƙarfe na ruwa, siriri, ya cusa a bakin salansa ya ɗaure da maɗauri. Ya ce Auta ta shigo a yi gwaji, don tarihi na buƙatar shaida. Mota ta tashi da wata irin ƙara kamar mai mura na fyace hanci. Suka hau titi. Injiniya ya taka totur har ƙasa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ce ta jingina da kyau kar wuyanta ya ƙage.

Wani dattijo a kan keke ya iso daidai tagarsu.

"Barka da yamma, Injiniya."

"Barka kadai."

"Ya aiki? Ya iyali? A'a, ashe tare kuke. Sannu 'yata, ya ƙarfin jiki? Ya wajen Baban naki? Ƙafar tasa ta yi sauƙi?"

Auta ta amsa duka ɗaya bayan ɗaya, har ta tambayi lafiyar jikokinsa, ya ba ta labarin wanda ya fara haƙori.

"To bari in wuce," in ji dattijon, "sauri nake yi."

Ya wuce. Suka bi bayan kekensa da kallo har ya sha kwana.

"Kin ji yadda take gurnani?" in ji Injiniya. "Tara ƙarfi take yi. Matsalar ita ce matsin nan ba ya saituwa. Abu ne da ke son a riƙa ƙarawa ana ragewa."

Auta ba ta gane nufinsa ba sai da safe, da ta murɗa famfon kicin ya yi mata tsaki, ko ɗigo bai bayar ba. Ta leƙa waje. Babban bawul ɗin tagulla na tankin gidansu, mai jan mariƙi kamar ƙaramin sitiyari, ba ya wurinsa. An toshe gurbinsa da katako da tsumma. Ta zagaya bayan mota, sai ga shi nan a wutsiyar Mai Fito yana ƙyalli. Mai walda ya ƙi taɓa aikin, ya ce yana da sunan da yake karewa, don haka Injiniya ya haɗa da kansa, da farin zaren roban da yake naɗa wa bakin bututu da maɗaurai iri-iri.

Ta ɗauki bokiti ta nufi shagon Inna, wanda ke ƙarshen layi, daidai inda tudun asibiti ya fara.

"Matar mai famfo ce ke roƙon ruwa?" in ji Inna. "Ina naku?"

"Ya tafi aiki a mota."

"Na gani. Na ɗauka motar haya zai mayar da ita ta sayar da ruwa. 'Yar nan, ki gaya min gaskiya, in aka murɗa me ke fitowa?"

"Ƙarfi, in ji shi."

"To a ɗibar min a kwalba, gwiwata na so."

Da yamma, bayan ya ci abinci ya miƙe ƙafa, Auta ta zauna kusa da shi. Ta san ba a shigar masa ta gaba, sai ta gefe.

"Injiniya, ranar da kwatar kicin ta toshe, me ka ce min?"

"Na ce ki daina zuba ganyen shayi."

"Bayan wannan."

"Na ce komai ƙarfin famfo, in hanyar fita ta toshe, ruwa baya yake dawowa."

"To," in ji Auta, ta bar maganar ta yi aikinta.

Ya ƙura wa silin ido. Ta ga goshinsa ya tattare, ta ga leɓensa na motsi. Zuciyarta ta fara murna. Can sai ya tashi zaune.

"Baya yake dawowa. Wato ƙarfin ba ya ɓata, cikin injin yake komawa. Auta, wallahi kin fi Dogo kai. Gobe zan gaya masa ke kika tabbatar min."

Ta ɗauki kwanuka ta tafi kicin, sannan ta tuna babu ruwan wanke su.

Ranar Asabar kafin Baba ya iso, gaban shagon Inna ya cika. Mai aski ya rufe shagonsa, mai walda ya zo da kujerarsa, Dogo ya samu inuwa mafi kyau ya harɗe. Injiniya ya fito cikin fararen kaya fes, har da farar hula, ya ce ranar da ilimi zai yi magana ba a sa kayan aiki.

Baba ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya a bayanta, ya daɗe yana kallon jan mariƙin.

"Wannan na ruwan zafi ne ko na sanyi?"

"Na saita matsi ne, Baba. Ba a taɓa yin irinsa ba."

"Na yarda," in ji Baba.

Ya shiga mazaunin direba, Auta ta zauna a gefensa, Injiniya ya lanƙwashe a kujerar baya gwiwoyinsa a kunnuwansa. Baba ya tayar da mota, ya saurari injin da kai a karkace kamar likita, ya sa giya.

Mai Fito ta kama tudu. Da farko ta yi abin kirki, har Auta ta fara sa rai. Suna kaiwa inda tudun ya miƙe sai ta fara shaƙewa. Baba ya sauko da giya. Ta ƙara shaƙewa. Ya sake saukowa, har ya kai ta ƙarshe. Wani wari mai zafi ya fara shigowa ta ƙarƙashin kujeru. Mutanen da suka tsaya kallo suka ga ba dalilin tsayawa a nesa, suka biyo motar da ƙafa, Inna a gaba tana fifita da murfin kwali.

"Baba, a ba ku ruwa?" ta tambaya ta taga, ba tare da ta ƙara sauri ba.

"Kar ka tsaya, Baba," in ji Injiniya. "Saiti ne kawai. Yanzu zan gyara."

Ya mirgina ta kan kujera, ya tura ƙofar but ta bayan motar daga ciki, ya sauko da ƙafa ɗaya sannan ɗaya, kamar mai sauka daga gado. Motar ba ta tsaya ba, shi ma bai yi gudu ba. Ya bi ta a baya a sunkuye, ya kai hannu ga mariƙin, ya janye da sauri yana yarfe yatsu. Ya cire farar hularsa ya naɗe hannu da ita.

Auta na kallonsa ta madubin gefe. Ta ga ya tsaya, hannu a kan mariƙi, yana kallon siririn hayaƙin da ke fita da ƙyar. Ta san fuskar nan, irin wadda yake yi ce in ya gano inda bututu ya toshe. Ta ga kafaɗarsa ta karkata ta ɓangaren buɗewa.

"Buɗe shi mana, kai mai gyaran bayan gida," Dogo ya ɗaga murya.

Injiniya ya miƙe, ya dubi Dogo, ya dubi jama'a. Sannan ya sunkuya ya murɗa ta ɗaya ɓangaren, har ƙarshe, ya ƙara dannawa yadda yake yi wa famfo mai yoyo.

Ƙarar motar ta ɗauke, sai wani gurnani can ciki kamar na cikin da ya ƙulle. Jikinta ya ɗauki rawa. Baba ya ji injin zai mutu a hannunsa, abin da bai taɓa yarda ya faru da shi a kan tudu ba, sai ya taka kuloci ya danna totur har ƙasa.

Ƙarar da ta biyo baya, mai aski ya ce har a haƙoransa ya ji ta. Bawul da bututu da tsohuwar salansar da tsatsa ta cinye suka tsinke gaba ɗaya suka zube a titi. Duk baƙin toka da tsatsar da suka daɗe cushe a ciki suka fito lokaci guda, kuma mutum ɗaya ne a sunkuye a gabansu.

Sannan Auta ta ji shi. Daga ƙarƙashin rurin injin da ya samu hanya, siririn fiton nan ya taso, ya yi sama, tsaf kamar yadda yake shigowa ta tagar ɗakinta a da. Abin da ke cikinta ya motsa. Baba ya saki kuloci, kujera ta rungumo bayanta, shagon Inna ya ƙanƙance a madubi. Ta juya ta ga mahaifinta ya canja giya da yatsu biyu, hula ta karkace, bakinsa har kunne.

"Baba, a hankali."

"A hankali nake, Auta. Ita ce ba ta so."

A ƙofar asibiti ya tsaya. Ya ɗan ƙara taka totur ba gaira ba dalili, don kawai ya sake jin fiton, har mai gadi ya fito ya nuna masa allon da ke cewa a yi shiru.

Sun jima suna jira kafin jama'a su iso. Injiniya ne a gaba, a ƙafa, baƙi wuluk daga goshi har gwiwa, ido da haƙora kawai ke haske, rungume da bawul ɗin a cikin abin da ya rage na hularsa. Dattijon nan mai keke ya zo wucewa ta gefensa.

"Barka da aiki, Injiniya. Yau ma sauri nake, a gaida gida."

Dogo kuwa sai da aka riƙe shi, don dariya ta hana shi tafiya.

Injiniya ya tsaya gaban Baba ya gyara murya. "Kamar yadda aka gani, na'urar ta tara matsi, ta kai iyaka, ta cire kanta da kanta. Haka na tsara."

"Har da wankan?" in ji Inna.

"Ta hau, ba ta tsaya ba," in ji Baba. "Magana ta ƙare, mota ta zauna. Amma da sharaɗi. Dogo zai sa mata bututu mai faɗi da salansar kirki, don jariri ba zai yi barci a wannan rurin ba. Famfon nan ya koma tanki yau, 'yata ta samu ruwa. Kai kuma, in ba tuƙi ba, daga bamban gaba zuwa na baya wanki kawai aka yarda ka yi mata." Ya shafa sitiyarin. "Ranar haihuwa ni zan tuƙa."

"To jaririn fa, Baba?" in ji Auta. "Ka ce sai an naɗe shi kamar tabarma."

"Jarirai na lanƙwasuwa."

Jama'a suka fara gangarawa suna maimaita labarin tun bai huce ba. Da ya rage su uku, Baba ya fito ya miƙa mabuɗi, ba ga surukinsa ba, ga 'yarsa.

"Fiton nan na san shi," ya ce, yana kallon wani wuri daban. "Shi ne yake sa wata ta tuna labulen tagarta na buƙatar gyara kullum da yamma. Labulen nan ya sha gyara."

Ya juya ya tafi gaisawa da mai gadi. Auta ta sunkuyar da kai. Ta ciro hankici ta fara goge wa mijinta fuska don ta samu abin yi da hannunta. Toka ta ƙi fita, sai ma ta ƙara shafuwa.

"Na ɗauka so kike a sayar da ita," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ya gaya maka?"

"Tun daga ina kike jin sa?"

"Tun daga kwanar gidan mai. Tsaya mana, kana motsi."

Ya buɗe baki, ta jira bayani a kan yadda iska ke bin bututu. Sai ya rufe. Ya tsaya cak kamar yaro ana goge masa fuska, rungume da bawul ɗin tankinsu.

Labarin na'urar da ke cire kanta da kanta kuwa, ba wanda bai ji shi ba. Ya ba mai aski, ya ba mai walda, ya ba mutanen da suka kira shi gyaran tanki a wata unguwa, kuma kullum tudun na ƙara tsawo, Dogo na ƙara ba shi haƙuri. Auta ta yi ta zuwa shagon Inna tana jiran ranar da za a tare ta da maganar labule. Ta jira azahar, ta jira la'asar, ta jira har aka haifi yarinya aka kawo ta gida a kujerar baya, Baba na tuƙi. Har yau Inna ba ta ji ba. Sai dai duk yamma in Injiniya zai shigo layi, daidai kwana, yakan ɗan ƙara taka totur.